Duk suna shiga intanet, amma ba sa ganin juna: gyaran rezon kwamfutocin gida

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Garwa, ina ɗan aikin buga katin biki da gyaran hotuna a gida. Ina da kwamfutar tebur mai Windows 10 da aka jona da waya a jikin rautar 4G ta Huawei, da sabuwar laftof mai Windows 11 da ke kan Wi-Fi, sai wata tsohuwa mai Windows 7 a ɗakin yara, ita kuma tana karɓa daga wata rauta ta biyu da muka ja wa waya. Duka ukun suna shiga intanet lafiya lau. Amma idan na buɗe Réseau a laftof ba na ganin ta tebur. Wata rana ta fito, da na danna sai ta rubuta 0x80070035. Wata rana kuma ta nemi kalmar sirri, na sa lambar da nake buɗe ta da ita, ta ƙi. An ba ni shawara in kashe pare-feu in kunna SMB1. Yanzu dai da kile nake jigilar hotuna. Mene ne mafita?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake so shi ne hotunan su zauna a kwamfutar tebur, laftof ta riƙa buɗe su kai tsaye ba tare da kile ba. Wannan abu ne mai yiwuwa da kayan da ke hannunka, ba sai ka sayi komai ba. Sai dai alamomin da ka lissafa ba na ciwo ɗaya ba ne. Rashin fitowa a Réseau daban, lambar 0x80070035 daban, ƙin karɓar kalmar sirri daban, ga kuma rauta ta biyu da ke da nata labarin. Shi ya sa duk wanda ya taɓa wuri ɗaya sai ya ga kamar ta gyaru, gobe ta dawo.

Kafin komai, ajiye shawarar nan ta kashe pare-feu, wato katangar tsaro ta Windows, da kunna SMB1, wato tsohon yaren raba fayil. Zan zo kan dalili.

Shiga intanet ba shaida ba ce

Don kwamfuta ta shiga intanet, abin da take buƙata kawai shi ne ta isa rauta, rauta ta fitar da ita waje. Maganar kwamfuta da 'yar'uwarta a cikin gida wata hanya ce dabam: dole su kasance a unguwa ɗaya ta adireshi, rauta ta yarda ta miƙa saƙon wannan ga waccan, wadda ake nema ta buɗe ƙofarta mai lamba 445 da Windows ke raba fayil ta cikinta, sannan ta gane mai ƙwanƙwasawa. Rashin ko wanne daga cikin waɗannan huɗun ba ya hana WhatsApp ko YouTube aiki. Wani abin da ya kamata ka sani tun yanzu: fayil ɗin da ya tashi daga tebur zuwa laftof a cikin rauta yake juyawa, ba ya fita ta layin MTN ko Orange ko Camtel. Ba ya cin data ko kaɗan, kuma ko layin ya ƙare ko ka zare SIM ɗin, zai ci gaba da tafiya.

Shi kuma shafin Réseau, kada ka yi masa kallon alƙali. Jerin sunaye ne da Windows ke tattarawa daga sanarwar da kowace kwamfuta ke yi, kuma yana yawan makara ko mantuwa. A aiki na sha ganin rezo, wato haɗin kwamfutoci, mai lafiya ƙalau alhali shafin nan fayau yake. Da adireshi ake gwaji, ba da shi ba.

Fara da adireshi

A kowace kwamfuta danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, sannan a baƙin allon rubuta ipconfig. Tunda na ga naka Windows na Faransanci ne, layuka biyu za ka kwafa a takarda: Adresse IPv4 da Passerelle par défaut. Rautocin 4G na Huawei galibi 192.168.8.1 ne adireshinsu, don haka ya kamata ka ga abu kamar 192.168.8.100 a tebur da 192.168.8.101 a laftof. Ƙa'idar mai sauƙi ce a gida: gida uku na farko su zama iri ɗaya, na huɗu ya bambanta, passerelle kuma, wato adireshin rauta, ta zama ɗaya a duka.

Idan ka ga adireshi ya fara da 169.254, wannan kwamfutar ta roƙi rauta adireshi ba ta samu amsa ba, sai ta laƙa wa kanta. A nan waya za ka duba, ko kan wayar, ko ka kashe rauta ka kunna. Babu amfanin taɓa saitin raba fayil tukuna.

Ina kyautata zaton ta ɗakin yara za ta nuna maka 192.168.0 ko 192.168.1 da wani abu. In haka ne, wayar da kuka ja an soka ta a ramin WAN na rauta ta biyu, wanda sau da yawa launinsa daban yake da sauran. Rautar sai ta kafa nata ƙaramin rezon, ta ɗauki sauran gidan tamkar waje. Abin da ke rikita mutane a nan shi ne, ta yara tana iya isa ta tebur idan an rubuta adireshi, amma ta tebur ba za ta taɓa isa ta yara ba, kuma ba za su ga juna a Réseau ba. Gyaran shi ne a mai da rauta ta biyu mai miƙa Wi-Fi kawai. Idan tana da zaɓin Point d'accès a saitinta, zaɓe shi, shi ke nan. In babu, shiga shafinta, canza adireshinta zuwa 192.168.8.2, kashe DHCP ɗinta, wato saitin rabon adireshi, ajiye, sannan ka zare wayar daga WAN ka mayar ɗaya daga cikin ramukan LAN. Bi wannan jerin yadda yake. Idan ka mayar da wayar kafin ka kashe DHCP, rauta biyu za su riƙa rabon adireshi a gida ɗaya, wannan kuma shi ne irin ciwon da yau lafiya gobe babu.

Da adireshi ya daidaita, a baƙin allon laftof rubuta ping 192.168.8.100, wato ka yi sallama ga adireshin ta tebur ka ga ko za ta amsa. Réponse de tare da lokaci a ƙarshen layi na nufin hanya a buɗe take. Impossible de joindre l'hôte de destination na nufin ba a ma sami kwamfutar a rezon ba: ko tana barci, ko adireshin ya canza, ko rauta ce ta raba su. Délai d'attente de la demande dépassé kuwa sau da yawa tana nan, pare-feu ne ya hana ta amsawa, kuma wannan zai warware a mataki na gaba.

Maganar rauta ta raba su tana da muhimmanci. Akwai saitin da ake kira Isolation AP, a wasu kuma rezon baƙi, Wi-Fi invité. An yi shi ne don otal da wuraren shan shayi masu Wi-Fi, inda ba a so baƙo ya leƙa na'urar baƙo. Shiga 192.168.8.1 ta burauza, duba saitin Wi-Fi, in yana kunne ka kashe. Ka kuma tabbata laftof ba a kan rezon baƙi take ba.

Public da Privé

A nan mafi yawan matsalolin gida suke kwana. Duk rezon da Windows ya shiga, yana ba shi matsayi ɗaya cikin biyu. Public na nufin kana cikin mutanen da ba ka sani ba, sai ya ɓoye kwamfutar ya kulle ƙofar 445. Privé na nufin gida. Windows 11 yana sa sabon rezo a Public da kansa, Windows 10 kuma yana tambaya sau ɗaya, yawancin mutane su danna Non ba tare da karantawa ba. Wani lokaci ma canza rauta ko mayar da ita saitin kamfani yana sa Windows ya ɗauke ta sabon rezo, ya koma Public a ɓoye.

Buɗe Paramètres, Réseau et Internet, sannan Ethernet a ta tebur, Wi-Fi da Propriétés a laftof, ka zaɓi Privé. Bayan haka ka je Paramètres de partage avancés. A Windows 10 yana cikin Centre Réseau et partage na Panneau de configuration, a Windows 11 yana ƙarƙashin Paramètres réseau avancés. A ɓangaren rezon Privé kunna abu biyu: gano na'urorin rezo, wato découverte, da Partage de fichiers et d'imprimantes. Kunna na biyun shi ke buɗe ƙofar 445 a pare-feu, ga rezon gida kawai. Ka ga ke nan babu buƙatar rushe katanga don a samu ƙofa.

Yanzu ainihin gwajin. A laftof danna Windows da R, rubuta \\192.168.8.100 ka danna Entrée. A allon rubutu na AZERTY, karkatacciyar sandar nan tana fita da AltGr da 8. Idan taga ta buɗe, ko an nemi suna da kalmar sirri, rezonka lafiya yake, saura maganar izini. Idan 0x80070035 ya sake fitowa, ma'anarsa ba a sami hanyar ba. Buɗe PowerShell ka rubuta Test-NetConnection 192.168.8.100 -Port 445. True a layin ƙarshe na nufin ƙofa a buɗe take. False, alhali ka sa Privé, ya fi yawa daga wani antibayiros mai nasa pare-feu, musamman irin wanda kwamfutar hannu-na-biyu ke zuwa da shi wa'adinsa ya ƙare amma yana nan yana tsare hanya. Ko ka nuna masa rezon na gida ne, ko ka cire shi gaba ɗaya ka bar na Windows.

Idan adireshi yana buɗewa amma suna ba ya fitowa a Réseau, rubuta services.msc a ta tebur, nemo Publication des ressources de découverte de fonctions, mayar da ita Automatique ka tayar da ita. Ita ce mai shelar sunan kwamfuta. Duba kuma sunayen kansu da umarnin hostname. Masu gyara kan zuba Windows ɗaya da suka kwafa a kan kwamfutoci da yawa, sai ka tarar biyu a gida ɗaya suna amsa suna ɗaya. Canza wa ɗaya suna, gajere, ba tazara, kada ya wuce haruffa 15.

Kalmar sirrin da ta ƙi

Lambar da kake buɗe kwamfuta da ita PIN ce, kuma PIN a jikin kwamfutar kawai take aiki, ba ta ratsa waya. Abin da tagar ke nema shi ne suna da kalmar sirrin wani asusu da ke kan kwamfutar tebur, ba na laftof ba. Idan asusun na Microsoft ne, adireshin imel da kalmar sirrinsa ake sawa. Idan kuma asusun ba shi da kalmar sirri sam, Windows ba ya yarda a shigo da shi ta rezo, komai yawan gwaji.

Abin da nake yi wa kowa, kuma shi zan ba ka, shi ne a buɗe asusu na musamman don wannan aikin. A ta tebur buɗe cmd a matsayin Administrateur, rubuta net user rabo sai kalmar sirrin da ka zaɓa sai /add. Ba sai ka taɓa shiga da shi a kan allon ba, aikinsa tsaron ƙofa ne kawai. Sannan ka ƙirƙiri folda a tushen faifai, misali D:\Hotuna, ko C:\Hotuna in faifan ɗaya ne. Kada ka raba wadda ke kan Bureau ko cikin Documents, domin waɗannan suna cikin ɗakin asusunka ne, izininsu yana da sarƙaƙiya.

Danna dama a kan foldar, Propriétés. Kwaɗo biyu ne a nan, kuma mutane ɗaya suke buɗewa. Na farko a shafin Partage: Partage avancé, sa alama a Partager ce dossier, shiga Autorisations, cire Tout le monde, ƙara rabo, ba shi Modifier. Na biyu a shafin Sécurité: Modifier, Ajouter, rubuta rabo, ba shi Modification. Windows yana duba duka biyun ya ɗauki wanda ya fi tsauri. Shi ya sa za ka ga folda ta fito amma ta ce Accès refusé, ko ta buɗe amma ta ƙi karɓar ajiya. A laftof, idan an tambaya, rubuta sunan kwamfutar tebur, sanda, sai rabo, kamar TEBUR\rabo, don kada ta nemi asusun a wajenta.

Tunda ka riga ka gwada kalmomi da yawa, mai yiwuwa laftof ta riƙe wata tsohuwa tana ta miƙawa ba ka sani ba. Buɗe Gestionnaire d'identification, ɓangaren Windows, goge duk abin da ke ɗauke da suna ko adireshin ta tebur. Sannan a cmd rubuta net use * /delete. Windows ba ya barin mutum ɗaya ya shiga kwamfuta ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda, sai an yanke tsohuwar igiyar.

Za a ce maka ka kashe Partage protégé par mot de passe ka huta. Da can yana aiki. Amma daga sigar 24H2, Windows 11 Pro ya daina yarda da shiga a matsayin baƙo marar kalmar sirri, kuma yana neman a sa hannu a kan saƙonnin SMB. Ana iya sassauta wannan, ni dai ba na so, domin kalmar sirrin Wi-Fi a unguwa ba ta ɓoyuwa. Yaro ya ba abokinsa, aboki ya ba maƙwabci, hotunan bikin mutane kuma amana ce a hannunka.

SMB1 da tsohuwar kwamfuta

SMB shi ne yaren da Windows ke raba fayil da shi. Sigarsa ta farko tsohuwa ce ƙwarai, kuma ta raunin da ke cikinta ne cutar WannaCry ta ratsa duniya a watan Mayun 2017, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. Daga sigar 1709 ta Windows 10 Microsoft ya fara janye shi. Dalilin da ya sa ake ba da shawarar kunna shi shi ne yana dawo da tsohuwar hanyar jera sunaye a Réseau, sai a ga kamar ya yi magani. Kai ba ka buƙatarsa: Windows 7 yana jin SMB2. Tsofaffin kaya irin su Windows XP da wasu rautoci masu ramin USB ne ba su san wani yare ba sai shi. Haka nan idan ka ga bayani a intanet yana maganar Groupe résidentiel, wuce shi, an cire wannan tun sigar 1803 a 2018.

Ta ɗakin yara kuwa ina da damuwa a kanta. Windows 7 ya daina samun gyaran tsaro tun Janairun 2020, kuma ita ce ake soka wa kowane kile da wasanni. Duk kwamfutar da ke da izinin rubutu a foldarka, cutar da ta kama ta ma tana da wannan izinin. In dole sai ta ga hotunan, buɗe mata asusu na biyu mai Lecture kawai. Shi ma Windows 10 tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, ka sa wannan a lissafinka. Folda da aka raba kuma ba ajiya ta biyu ba ce. Riƙe wani faifan waje da kake kwafa a kai, ka zare shi in ka gama.

Abin da ɗauke wuta ke yi

Ka ce wata rana ta fito wata rana ta ɓace. Rauta aron adireshi take bayarwa, ba kyauta ba. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, wayoyin hannu na gida kan riga kwamfuta shiga, wata wayar ta karɓi 100, ta tebur ta koma 104, gajeriyar hanyar da ka ajiye kuma tana nuni ga tsohon gida. A shafin DHCP na rauta nemi wurin ɗaure adireshi da lambar MAC, wato lambar shaidar katin rezon kwamfuta, wadda ipconfig /all ke nunawa a layin Adresse physique. In rautarka ba ta da wannan, sa wa ta tebur adireshi da hannu a wajen zangon da rauta ke rabawa. A Huawei zangon galibi daga 100 zuwa 200 ne, don haka 192.168.8.50 ya yi, masque 255.255.255.0, passerelle da DNS 192.168.8.1. Daga nan a laftof, cikin Ce PC, zaɓi Connecter un lecteur réseau, rubuta \\192.168.8.50\Hotuna, ba shi harafin Z, ka sa ya tuna kalmar sirri. Foldar za ta zauna kamar faifan laftof ɗin, ba ka da sauran hulɗa da shafin Réseau.

Hana ta tebur barci a saitin wuta, allo kawai ya riƙa mutuwa. Kwamfuta mai barci ba ta amsa sallama. Ƙaramar ondula, wato batirin da ke riƙe wuta idan ta ɗauke, ga rauta da ta tebur tana da amfani, domin wutar da ta yanke ana tsakiyar kwafa tana barin rabin fayil.

Idan ta buɗe amma tana jan ƙafa, duba gudun wayar a Propriétés na Ethernet. Megabit 100 yana ba da kusan megabayit 11 a daƙiƙa, foldar giga 10 ta ci kusan minti 15. Gigabit yana kai wajen 110, foldar ta wuce cikin ƙasa da minti biyu in faifan ya iya bi. Gigabit yana buƙatar duka siraran wayoyi takwas da ke cikin kebul, megabit 100 huɗu kawai yake amfani da su. Saboda haka kan kebul, wato RJ45, da ba a matse da kyau ba yana iya saukar da kai zuwa 100 ba tare da wata alama ba. Wasu rautocin 4G ma ramukansu 100 ne tun daga kamfani, maganinsu ƙaramin suwic na gigabit, wato akwati mai ramukan kebul, da za ka jona kwamfutocin biyu a kai. Kebul Cat5e ya isa, kada tsawonsa ya wuce mita 100. A Wi-Fi, 5 GHz ya fi sauri in kuna ɗaki ɗaya da rauta, 2.4 GHz ya fi ratsa bango. Zafin Garwa na Maris da Afrilu kuma ba wasa ba ne ga rauta: sauke ta daga kusa da kwano, kada a rufe ta da ƙyalle saboda ƙura, a dai riƙa kaɗe ta. Wayar da ta ratsa tsakar gida zuwa ɗakin yara, zare ta in hadari ya taso da tsawa, domin ta nan ramukan rauta ke ƙonewa.

Daga nan inda nake ba na ganin shafin rautarka, kuma sunayen saiti suna ɗan bambanta daga samfuri zuwa samfuri, wasu kamfanonin layi ma suna ɓoye wasu shafukan. Akwai gwajin da ke raba gardama. Ɗauki kebul ɗaya ka haɗa laftof da ta tebur kai tsaye, ba rauta a tsakani, kashe Wi-Fi, sa wa ɗaya 192.168.50.1 ɗayar 192.168.50.2 da masque 255.255.255.0, bar passerelle fanko. Katunan zamani suna daidaita kansu, ba sai kebul mai juyayyen kai ba. Windows zai ɗauki wannan haɗin a matsayin Public, don haka kunna raba fayil a ɓangaren Public na ɗan lokacin gwajin, ka kashe in ka gama. Idan foldar ta buɗe a haka, laifin na rauta ne ko Wi-Fi. Idan ta ƙi, yana cikin Windows ɗin ta tebur. In ka kai nan ba ta warware ba, turo mini abin da ipconfig ya nuna a duka ukun, da sakamakon gwajin ƙofar 445, da ainihin rubutun kuskuren harafi da harafi, mu ɗora daga can.